Zana a Tsakiyar Aji Bakwai

Makarantar tana gindin dutse ne, tsakanin Kagoro da Kafanchan, inda ake jin kukan jirgin ƙasa amma ba a ganinsa. A takarda, gwamnati ta riga ta karɓe ta daga hannun mishan kafin shekarar 1975. A aikace kuwa, ko alli ba a karyawa sai dattawan ikilisiya sun yarda. Babbansu shi ne Dattijo Obadiah, mai gonakin citta rabin kwarin, wanda in ya tashi addu'a a majami'a sai kajin maƙwabta su watse. Hedimasta Rufus ne mai riƙe masa jaka, mai dariya tun kafin dattijon ya gama ba da labarin.

Malama Edna ta raina su duka biyun, kuma ba ta iya ɓoye raini ba. 'Yar garin ce, amma ta yi karatu a kwalejin horon malamai ta mata zalla, inda yarinya ke ɗaga hannu ta ba da amsa ba tare da ta waiwaya ta ga wa zai ji haushi ba. Da ta dawo gida aka ba ta Turanci a aji bakwai, ajin da ke zana jarrabawar shiga koleji. Abin da ya sa take tashi da safe a shekarar nan yarinya ɗaya ce, Paulina, 'yar wani manomi mai suna Meshak. Uban ya faɗa a gaban Edna cewa sau ɗaya zai iya barin yarinyar ta gwada. In ta ci, ta tafi koleji. In ta faɗi, ga fartanya nan a rataye.

Hedimasta yana da wata doka da yake ji da ita kamar shi ya ƙirƙiro ilimi. Kowace safiya yakan yi wa aji bakwai lissafin ka, wanda suke kira mental. Ya jefa tambaya, ta bi benci benci, duk wanda ya kasa ya miƙe tsaye. Wanda ya ci kuwa, a miƙa masa tsumagiyar gwaba ya bi na tsaye ɗaya bayan ɗaya, kowa biyu a tafin hannu. Rufus yakan ce wannan shi ke wasa ƙwaƙwalwa. Ya daɗe yana yi ba wanda ya ce uffan, domin 'yan mata ba su cika kaiwa aji bakwai ba, waɗanda suka kai kuma hannunsu ne ke karɓa.

A wannan shekarar mai riƙe tsumagiya kusan kullum Leonard ne, ɗan autan Dattijo Obadiah. Ba wani gwani ba ne. Yawanci daga layin mata ake farawa, bencinsa kuma shi ne na ƙarshe a layin maza, sai sauran sun gama zubar da amsoshin da ba daidai ba, shi kuma ya tsinci abin da ya rage. In ya zo kan 'yan mata har ɗage kafaɗar riga yake yi.

Edna ta lura da abu guda. Littafin lissafin Paulina ba ka samun jan biro a ciki, amma in tambaya ta zo kanta da safe sai ta miƙe tun ba a gama ba, ta buɗe hannu tana jira. Ran nan ta tsare ta a bayan aji.

"Ke, kin san amsar ko ba ki sani ba?"

"Na sani, Mis."

"To me ya kama bakinki?"

Yarinyar ta dubi yatsun ƙafarta. "Idan na faɗa, ni zan duka su."

"Sai me? Hannunsu na gwal ne? Gobe in kika sani kika yi shiru, ni da kaina zan ƙara miki biyu."

Washegari Edna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da gangan. Hedimasta ya jefa tambaya: goma sha bakwai sau goma sha uku. Ranar daga maza aka fara, ta bi layinsu tana kayar da su, har ta kai Leonard, ya ce ɗari biyu da goma sha ɗaya da muryar wanda ya riga ya miƙa hannu ga tsumagiya. Rufus ya yi tari, ya ba shi damar gyarawa, yaron ya maimaita abin da ya faɗa da ƙarfi. Dole tambaya ta tsallaka zuwa layin mata. Paulina ta kalli ƙofa, ta ga idon malamarta, ta ce ɗari biyu da ashirin da ɗaya.

Hedimasta ya duba agogo, ya ce lokaci ya tafi, a buɗe littafi.

"Doka doka ce, Sa," in ji Edna daga bakin ƙofa. "Ko ta maza ce kaɗai?"

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Rufus ya miƙa tsumagiya yana kallon rufi. Paulina ta bi layi tana ɗan taɓa tafin hannuwa kamar mai kore ƙuda. Da ta iso gaban Leonard ta taɓa shi haka nan, ya yi dariya, sauran maza suka taya shi.

"Haka yake yi miki?" Edna ta tambaya.

Yarinyar da ke saran itace tun tana ƙarama ta ɗaga hannu ta sauke. Na biyun ya fi na farko. Leonard ya matse hannu a hammata, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, sannan ya fashe da kuka mai majina a gaban kowa. Edna ta ji wani daɗi ya ratsa ta har ƙafa, kuma ba ta ji kunyar daɗin ba. Kafin a tashi daga makaranta labari ya riga yara isa gida, kafin kasuwar Kafanchan ta ci kuma mata masu sayar da doya sun san shi.

Ran Lahadi bayan sujada aka riƙe dattawa da malamai a majami'a. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Dattijo Obadiah ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Ni ban ce kada a duka yaro ba," ya ce. "Ni ma na sha bulala a hannun Bature, shi ya sa na zama mutum. Amma mace ya duka namiji? A gaban mata? Kakannin mu sun ce yaron da mace ya duka ba ya shiga gaba a farauta."

Wannan daga bakin mutumin da ya ƙone layun ubansa a gaban mai bishara, yake kuma ba da labarin ƙonawar duk Kirsimeti. Kakannin da ya kora ta ƙofa sun dawo ta taga ranar da tafin ɗansa ya kumbura. Sauran dattawa suka gyaɗa kai, waɗanda ba su taɓa kama ko zomo ba suka fi gyaɗawa.

Edna ta zaci za a soke tsumagiya. Ina! Ba wanda ya ga laifin tsumagiya. Hedimasta ya miƙe da takardarsa ya yi bayani cewa binciken masana ya nuna ƙwaƙwalwar 'ya mace tana da laushi, gasa da maza tana wahalar da ita, don haka tausayi ya sa ya kamata a raba ajin, maza daban, mata daban. Bai faɗi sunan masanan ba, ba kuma wanda ya tambaya. Da aka juyo ga Edna, suna jiran gardama, sai ta ce ta yarda ɗari bisa ɗari, a ba ta 'yan matan. Mamaki ya sa Obadiah ya yi addu'ar rufewa gajera.

Sai dai ɗakin aji bakwai ɗaya ne, ba kuwa wanda zai gina wani saboda laushin ƙwaƙwalwa. Aka aiki yara suka yanko gamba, aka saƙa zana, aka kafa ta a tsakiyar aji daga allo zuwa bango. Allon ma aka raba da layin alli, maza suka samu kashi biyu cikin uku. Jadawalin da hedimasta ya ba ɓangaren mata ya cika da ɗinki da tsabtar gida da girki, lissafi sau biyu a mako. Edna ta karɓa, ta yi godiya, ta ninke shi ta toshe ƙafar teburinta da ke rawa.

Abin da dattawa suka manta shi ne zana tana tare ido, ba ta tare kunne. Da safe hedimasta ya jefa tambayarsa a wancan ɓangaren, ta bi benci tana kayar da maza, a nan kuwa 'yan mata su rubuta amsa a kan ƙananan allunansu na silet su ɗaga wa Edna tun tambayar ba ta kai benci na uku ba. Wata rana ta ce su faɗa da baki. Murya bakwai ta ratsa gamba da amsa guda, Rufus ya leƙo ta saman zana da jan ido ya ce ana damun masu karatu. 'Yan matan da a da ko sunansu ba sa iya faɗa da ƙarfi suka koma gardama da malamarsu a kan lissafin kashi da na ɗigo. Edna ba ta kawo tsumagiya ɓangarenta ba, ba ta kuma taɓa bukatarta ba. A ranta tana cewa da ma tun farko aka kafa zanar.

Paulina ce gaba a komai. Sai dai ta rage magana, in an tashi kuma ba ta bin hanyar da maza ke bi, takan zaga ta bayan rafi. Wata malama ta gaya wa Edna cewa Meshak ya ɗauki zakara ya je ba Dattijo Obadiah haƙuri, yarinyar na biye da shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: gonar cittar da gidan Meshak ke ci da ita aro ce daga Obadiah, tun zamanin uban Meshak. Edna ta taɓe baki. Ta tare manomin a hanyar majami'a.

"Baba, me ya kai ka durƙusa wa mutumin nan? 'Yarka ba ta yi laifi ba."

Meshak ya cire hula. "Malama, kai kana da albashi. Ni gona ne albashi na."

"To me ya ce?"

"Ya karɓa zakara. Ya ce gona yana nan. Ya ce amma mutum ba ya shan kunya sau biyu a majami'a ɗaya."

Edna ta yi dariya ta ce barazanar tsoho ce, idan Paulina ta zama nas ko malama za ta saya masa gona tasa ta kansa. Meshak ya ce amin, ya mayar da hularsa. Ita kuwa ta wuce tana jin haushin talakan da ya saba da sunkuyo har ya zame masa tafiya. Ba ta tsaya ta auna maganar tsohon ba, alhali ta san al'adar garin sarai: sakamakon jarrabawa a majami'a ake karanta shi, ran Lahadi, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kowane suna da sunan ubansa.

Ranar jarrabawa aka kwashe su a bayan tifa zuwa Kafanchan. A can ba zana, an jera yara ne bisa lamba, maza da mata a haɗe, a wani dogon ɗaki kusa da layin dogo. Malamai suka zauna a gindin mangwaro suna cin gyaɗa. Lokacin takardar lissafi Edna ta kasa zama, ta je ta wuce ta jikin taga kamar mai neman ruwa. Ta hango Leonard yana cizon fensir yana ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur. Ta hango Paulina ta ajiye nata fensir, ta kife takarda, ta naɗe hannu, alhali lokaci ko rabi bai yi ba. Edna ta dawo gindin mangwaro tana murmushi, ta ce wa Rufus wasu sun riga sun gama. Ya yi kamar bai ji ba.

Sakamako ya zo da damina ta kankama. Majami'a ta cika har taga, matan ƙungiyar Zumunta ta ikilisiya sun sha anko, Dattijo Obadiah a kujerar gaba. Hedimasta ya hau mumbari ya gyara tabarau. Sunan farko na mace ne, Emilia, 'yar mai gadin asibiti. Na biyu namiji. Na uku da na huɗu mata. Edna tana ƙirgawa tana jira, tana cewa a ranta wataƙila an tsallake ne. Aka karanta sunaye tara, huɗu na ɓangarenta, aka ninke takarda. Babu Paulina. Babu Leonard.

Mutum mai kunya da sai ya sauka. Rufus ya cire tabarau ya yi jawabi. Ya ce 'yan matan da suka ci sun ci ne albarkacin rabuwar da shi da dattawa suka kawo, ikilisiya ta tafa. Ya ce amma kada a ruɗu, ga misali nan a fili: yarinyar da aka yi ta surutu a kanta, wadda ta iya amsar baki da safe, da aka zaunar da ita gaban takarda ta gaske lissafinta sifili ne. Wannan ya nuna kaifin baki daban, zurfin kai daban. Game da Leonard kuwa, ya ce kowa ya san abin da aka yi wa yaron nan a tsakiyar shekara, irin wannan girgiza ba ta barin ƙwaƙwalwa da wuri. Dattijo Obadiah ya gyaɗa kai a hankali, da fuskar wanda aka zalunta ya yafe. Da aka fito har ya miƙa wa Meshak hannu a gaban jama'a.

Sifili. Edna ta juya kalmar a ranta har gida. Ko yaron da ya zo jarrabawa da zazzaɓi yakan tsinci maki biyar. Ba ta ci abinci ba, ta canja takalmi ta bi hanyar kwari.

Ta samu Paulina a gonar citta, a sunkuye tsakanin kunya, tana cire ciyawa daga cikin ganyen da aka lulluɓe shukar da shi. Ko kayan sujada ba ta gama cirewa ba, ɗankwalin na kanta. Da ta ga malamarta ta miƙe ta goge hannu a zane.

"Sannu, Mis."

"Me kika rubuta a takardar lissafi?"

"Suna na da lamba na."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Edna ta ji kamar ta kai mata mari. "Tambayoyin sun fi ƙarfinki ne?"

"A'a, Mis. Na yi su duka a kai na. Na bakwai ne ya ɗan daɗe."

"To don me? Ubanki ne ya sa ki?"

"Baba bai ce komai ba." Yarinyar ta kalli kunyoyin citta da suka miƙe har bakin rafi. "Ina wurin lokacin da Dattijo ya yi magana. Na ce bari na bar Leonard ya wuce ni kaɗan. Amma da na duba shi a ɗakin, ban san inda zai tsaya ba. Sai na sauka ƙasa gaba ɗaya."

Edna ta bi kunyoyin da kallo. Duk rainin da ta tara na shekara guda, na Rufus da tabaransa, na Obadiah da kakanninsa, na Meshak da zakaransa, bai sayi ko kunya ɗaya ta wannan gonar ba. Ita ta ce a ɗaga hannu a sauke, ta kuma koma gida ta karɓi albashinta a ƙarshen wata. Baƙin ciki ya cika ta, da fushi, ta rasa wanda za ta ɗora wa a cikin gonar.

Amma Edna ba ta saba barin magana a ƙasa ba. Ta share fuska ta shiga tsara yadda za a yi. Za ta je wurin Meshak yau ɗin nan, ta durƙusa masa in ta kama, ya janye maganar sau ɗaya. Littattafai da yunifom a wuyanta. Za ta sa hedimasta ya mayar da sunan a rajista ko yana so ko ba ya so, in ya ƙi ta kai shi ofishin ilimi a Kafanchan. Shekara ɗaya ba komai ba ce, 'yan mata nawa suka maimaita aji bakwai suka zama manya.

"Za ki maimaita," ta ce. "Badi ki zauna ki rubuta komai, daga na ɗaya har na ƙarshe. Kin ji ni?"

Paulina ta saurara har ta gama, cikin ladabi, kamar yadda take sauraron darasi.

"Mis," ta ce, "Leonard ma zai maimaita."

Ta jira kaɗan ko akwai wata tambayar. Da ta ga babu, ta sunkuya ta ci gaba da cire ciyawa.